Awa Ashirin Tsakanina da Baffa Nababa

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga Ibadan. Yaya jikinki, yaya su Larai? Allah ya sa bana a samu ruwa a Makoda.

Ni lafiya lau. Ƙafar ta warke, sai ɗan ɗingishi, kada ki damu. Ai kwana talatin da huɗu na yi ina bin shanun fatake a ƙasa daga Makoda har nan, bayan Baffa Nababa ya ƙwace gonar Baba cikin yunwar nan.

Yanzu babbar mota nake tuƙawa. Mil talatin take ci a awa, hanyar kuma mil ɗari shida ce. Ki gaya wa Baffa Nababa awa ashirin ce tsakaninmu. Ya yi ta noma. Da kaka zan zo in girbe geron a gabansa, ko zangarniya ɗaya ba zan bar masa ba.

Ki sa mini albarka.

Ɗanki,
Dabo