Ka Sayar da Akawal, Danda Ba Zai Bi Shi Ba

Zuwa ga Yaya Sabo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ƙane yake yi wa wa, don haka aka tarbiyyantar da ni. Ina fata Kano tana yi da kai. Tunda ka daina ɗaga wayata, ga amsar saƙonka a nan, inda kowa zai gani.

Ka aiko cewa dillali zai zo ranar kasuwa ya tafi da Danda, dokin da ya rage mana, a sayi babur mai ƙafa uku. To, ka ce masa kada ya ɓata mansa.

Ka manta yadda Baba yake koya wa doki jan amalanke? Ba ya ɗora wa sabon doki kaya. Sai ya ɗaure shi a gefen tsohon dokinmu Akawal, ya yi ta binsu zuwa ƙauyukan Zandam da Surko har kaka ta wuce. A jikin tsohon yake ganin yadda ake tokare ƙafa a gangare, da yadda ake tsayawa in mota ta yi ham. Baba yakan ce, "Ni ragama kawai nake riƙewa, Akawal ne malamin."

Wannan Akawal ɗin ne ya kwashe mana dawa tun muna yara. Shi ya kai kayan ɗakin matarka. Kai kuwa ka zo sadakar arba'in ɗin Baba, ka buɗe bakin dokin, ka ga haƙora sun cinye, ka ce tsoho ne, harawa kawai yake ɓarnatarwa. Ina gona ka kwance shi, ka sayar wa masu tirela. Lokacin Danda bai daɗe da fara binsa ba. Haba, Yaya! Ko tambayata ba ka yi ba.

Kuma ka san inda tirelar nan take kai tsofaffin dawakai. Wallahi ka sani. Ka miƙa wa mahauta dabbar da ta ciyar da kai.

Da na saka Danda a amalanke shi kaɗai, a gangaren rafi ya firgita, ya kifar da ni da buhunan gyaɗa. Har yau kafaɗata ba ta ɗaguwa sosai. Shi ne yanzu kake cewa dokin banza ne. Kai ka raba shi da malaminsa, sannan kake zaginsa da jahilci? Ba ka ji kunya ba?

Yanzu ni nake shiga gefensa, ina riƙe da ragama, muna taka gangaren nan a ƙasa kowace safiya. Masu babur suna yi mini dariya, su ta shafa. Jiya ya tokare ƙafa da kansa, sai da na yi hawaye.

Na tsani abin da ka yi, Yaya, kuma ban yafe ba tukuna. Amma kai ka fara ɗora ni a bayan doki, shi ya sa abin yake ci na haka. In kana son Danda, kada ka turo kowa. Zo da ƙafarka, ka kwance shi a gaban Inna.

Allah ya jiƙan Baba. Kai kuma Allah ya ja kwananka har haƙoranka su zube, ranar da 'ya'yanka za su tsaya a kanka suna shawara, Allah ya sa su fi ka tausayi.

Ƙaninka,
Ɗanlami