Ƙafar Hagu Gaba

Berridale, 14 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata Glenys,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da Ron. Yaya gwiwar tasa? Yaya sanyin Wagga? Mu nan sai na sa guduma nake fasa ruwan kwamin tumaki da safe.

Takarda na rubuto don ban yarda da wayar nan ba tun ranar da Wade ya karɓe ta wai zai gyara mini. Kin san tun da na zame a matakalar baranda a watan Afrilu yaron nan ba shi da zance sai na gidan tsofaffi na Cooma. Ɗan da na haifa, Glenys. Yanzu har ya sa an ba da rana: cikin Agusta wata nas za ta zo ta duba ko zan iya ci gaba da zama ni kaɗai. In ta ce a'a, gonar da muka yi shekara arba'in muna wahala a kanta ni da mijina marigayi Merv ta tafi ke nan.

To, ji sabon salo. Ranar Talata sai ga matarsa Marama, wadda ke koya wa baƙi sulu da allo a kan dusar ƙanƙarar da ke rufe dutse, da burodin ayaba a hannu. Ta zauna tana murmushi ta ce, "Mama, bana zan koya miki sulu." Shekarata sittin da takwas, kullum ina kallon dutsen nan ta tagar kicin, ban taɓa sha'awar hawa ba. Mu abin da muka sani game da dusar ƙanƙara shi ne tana kashe 'yan tumaki. Me ya sa sai bana, saura wata biyu nas ta zo? In na faɗi ƙugu ya karye, magana ta ƙare, ba sai sun yi gardama da kowa ba.

Amma na amsa. In na ƙi, cewa za su yi tsufa ya zo.

Jiya ta kai ni kanti a Jindabyne. Na ɗauko kwat ɗin Merv mai kauri, ta ce zai sha ruwa ya yi nauyi. Singiletina na auduga ma ta hana, wai auduga tana riƙe gumi ta daskarar da mutum, sai dai ta ulu. A nan kam ban yi musu ba, ulu sana'armu ce. Ta zaɓo mini jaket ruwan lemo irin ta masu gyaran titi, wai don ta hango ni daga nesa. Na ce a raina, ko dai don a yi saurin gano gawa. Ga hular kwano, ga takalma masu matse ƙafa, ga wani abu mai tauri da ake ɗaurawa a wuyan hannu.

Ina tsaye ina duba madubi, yarinyar nan ta zagayo ta bayana ta ture ni. Turewa ta gaske, a gaban mutane. Na jefa ƙafar hagu gaba na tsaya cak. Ta tafa hannu ta ce wa mai kanti, "Hagu ce gaba." Wai haka ake gane ƙafar da mutum zai sa a gaban allo. Ke kin taɓa jin wannan?

Abu ɗaya zan faɗa miki, ke kaɗai. Wani lokaci in na miƙe da sauri jiri yana ɗibata. Kada ya wuce tsakaninmu.

Marama za ta jefa mini wannan a gidan waya, hanyarta ce. Na liƙe ta da kyau. Ki gaida Ron.

Yayarki,
Noelene

Berridale, 19 ga Yuli

Glenys ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina fatan murar ta sake ki. Ni ma da sauƙi, sai ciwon jiki.

Abin da nake tsoro ya faru. Ran Lahadi muna cin abinci Wade ya ajiye cokali ya ce, "Mama, yaya jirin?" Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke, kuma a takarda. Wa ya ɗauki takardar? Na dubi Marama, ta dube ni da ido fes kamar ba ita ba. Washegari ma da kanta ta kai ni wurin likita ya sauya mini maganin hawan jini. Jirin ya ragu, ban musa ba, amma ai an rubuta shi a fayil yanzu.

Sau biyar ke nan muna hawa dutsen. Ranar farko ƙafa ɗaya ta ɗaure mini a allo, ina jan ɗayar kamar akuya mai turke, yara 'yan shekara biyar suna wuce ni. Sannan ta koya mini faɗuwa. Wai kada in tare da tafin hannu, in dunƙule in zauna. Wane irin malami ne yake fara koya wa mutum faɗuwa? Kuma duk lokacin da jikina ya ce in ja baya, sai ta ce, "Nauyi a ƙafar gaba, Mama, bi gangaren." Wato in jefa kaina inda nake tsoro. Abin haushin shi ne in na bi maganarta allon yana jin magana, in na bi tawa sai in ji ni a ƙasa.

Yanzu ina iya saukowa a kan dunduniya, in tafi hagu in dawo dama, in tsaya inda na ga dama. Ba zan ɓoye miki ba, akwai daɗi. Amma duk abin da nake yi wayarta tana sama tana ɗauka. Na faɗi ya fi sau talatin, Glenys, kuma duk tana da su. Kin ga abin da za a nuna wa nas.

Ga wani kuma. Ran Alhamis na bar tukunya a wuta na tafi duba wata tunkiya, na dawo ta ƙone ƙurmus. Na binne ta bayan rumfar askin tumaki, daga ni sai karyata Tess. Wannan takardar da hannuna zan jefa ta.

Taki,
Noelene

Berridale, 23 ga Agusta

Glenys,

Ina fatan kuna lafiya.

Nas ta zo jiya. Mace mai hankali, ta sha shayi, ta sa na tashi na zauna, na taka zuwa ƙofa na dawo. Sai Wade ya gyara murya ya ce akwai maganar tukunyar da aka binne bayan rumfar aski.

Tess ba ta magana, Glenys. Takardar kuma ni na jefa ta.

Sai Marama ta ciro wayarta, na ce a raina shi ke nan, ga sauran. Ta ajiye ta gaban nas. Sai ga wata tsohuwa cikin jaket ruwan lemo tana saukowa daga saman gangare, ta juya a kan dunduniya, ta juya a kan yatsu, wani saurayi ya faɗi a gabanta ta kauce masa, ta zo ta tsaya. Ban gane kaina ba sai da na ji muryata ina yi wa saurayin faɗa. Ta nuna faɗuwar ma, amma abin da ta ce a duba shi ne yadda nake tashi ba mai kama ni.

Ta ce wa mijinta, "Shekara goma sha biyu ina ture mutane ta baya. Wanda ƙafarsa ta gaji hannu yake fara miƙawa. Mamarka ƙafa ta miƙa. Tun ranar da muka je kanti na faɗa maka, ka ƙi ji."

Nas ta rubuta cewa in zauna a gidana. Za a sa ƙarfen dafawa a baranda, a kawo murhu mai kashe kansa, ta dawo bayan shekara.

Da ta tafi na tsare Wade, bai ja ba. Ya ce duk takardar da na aiko sai kin kira shi kin karanta masa, wai tsoro kike ji kada a tsince ni a ƙasa bayan kwana uku. Na yarda tsoron gaske ne. Amma ni za ki gaya wa, ba shi ba. Wata biyu ina zargin yarinyar da ke durƙusawa cikin ƙanƙara tana ɗaure mini takalmi, ina kai ƙararta wurinki. Na ba ta haƙuri jiya, ta yi dariya ta ce ta sani tun ranar da na ƙi cin burodinta. Kunyar da na ji ba ta faɗuwa. Ke kuma kin ɓata mini rai ƙwarai, kuma ban huce ba tukuna.

Saura mako uku ƙanƙarar ta narke. In kina son sanin lafiyata, ki hau mota ki zo ki gani da idonki. Kada ki kawo auduga. Marama ta ce akwai takalma daidai ƙafarki, sauran a gane wace ƙafa za ki sa gaba. Na ce mata ta bar mini wannan, ni zan tsaya a bayanki.

Ki gaida Ron.

Yayarki har yanzu,
Noelene