Basinen da Ba a Tambayi Sunansa Ba

Ipoh, 9 ga Maris

Zuwa ga yayana Thangavelu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan gwiwarka ta yi sauƙi. Mu muna nan yadda ka bar mu. Matata Vasanthi ta fara taɓa abinci.

Jiya 'yan sanda suka nuna mini bidiyon kyamarar mahaɗar da aka kaɗe 'yata Malar. Motar da ta buge babur ɗinta ba ta tsaya ba. Wanda ya tsaya wani dattijo ne mai tafiya a ƙasa. Ya ajiye ledar cefanensa, ya durƙusa a kwalta, ya ɗora kanta bisa cinyarsa har minti goma sha ɗaya. Na ƙirga. Fuskarsa ba ta fito ba. Bakinta yana motsi, shi kuma ya sunkuya yana saurare.

Ka tuna tambayarka ta farko da aka sanar da kai? Ba ka tambayi ko tana da rai ba. Cewa ka yi, "Direban wane iri ne, Bamalaye ko Basine?" Mai shayin mahaɗar ya ce ai ya ga wani Basine kusa da ita. Kafin yamma, a bakinka, Basinen ya zama makashi.

Ranar jana'iza dattijon ya zo ƙofar gidana, ya ce yana da saƙo ga uban yarinyar. Ina ciki, gefen gawa. Kai ka tare shi. An maimaita mini kalmominka: "Kai Basine, aikinka ka zo dubawa? Ɓace, kafin gawar ta zama biyu!"

Na tambayi mutum goma sha huɗu da suka gan shi a ranar. Dogo ne? Yana da tabarau? Daga wace unguwa? Amsa ɗaya: "Basine ne dai." Shekara talatin ina koyar da tarihi, ni ma haka nake kwatanta mutane, ban taɓa jin nauyinsa ba sai yanzu.

Maganar 'yata ta ƙarshe tana wurin mutumin nan, kai kuma ka kore shi da ita.

Ranar Lahadi za a yi addu'ar kwana goma sha shida. Kada ka zo kai kaɗai. Ka san irinsa, ai a wurinka wannan ya isa kwatance. Ipoh cike take da Sinawa. Ka nemo mini shi.

Ƙaninka,
Sivanesan