Babbar Riga a Cikin Messerschmitt

Tudun Wada, Zariya
Ranar Talata

Maman Naja'atu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu mai jego da jaririyar jikarmu. Yaya Funtuwa, yaya hidimar ruwan zafi? Nan lafiya lau, sai dai miyar da nake yi wa kaina, wadda ko kyanwar gidan ta daina kulawa.

Maganar maƙwabcinmu Malam Habila ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun rasuwar matarsa Dinah bai ƙara fitowa bencinmu na ƙofar gida ba, daga coci sai ɗaki. Ɗansa Evans ya zo daga Abuja, ya ce in baban bai warware ba zai tafi da shi, a zuba 'yan haya a gidan. Kin san ban iya lallashi ba. Tsokana na iya.

Na shiga na same shi, na ce jirgin yaƙin Ingilan nan da yake yabo tun muna koyarwa tare, Spitfire, ɗan kwalisa ne kawai. Ya iya lanƙwasa, amma na farko-farkon da aka ƙera, da matuƙi ya danna hancinsu ƙasa sai mai ya yanke, inji ya kama tari. Gwanina Messerschmitt na Jamus kuwa ya sunkuya ya wuce abinsa ko atishawa babu. Can sai ya ɗago ya ce nawa ai kurkuku ne mai farfela, ƙafafunsa a matse kamar na zabuwa, in ya ɗauki gudu sandar tuƙinsa sai da hannu biyu, alhali nasa da yatsu ake juya shi. Maman Naja, muryarsa har tsakar gida!

Ki tuna fa, ni jirgin da na taɓa shiga na Makka ne, shi na Urushalima, duk a kujerar baya.

Akwai wani shago a unguwar Kongo nan Zariya inda ɗalibai ke tuƙa irin waɗannan jiragen a kwamfuta, da sanda da komai. Na ce mu je a raba gardama ranar Juma'a. Ya ce ya ga mai fasawa.

Ki shafa mini kan jaririya.

Mijinki,
Zulkiflu

Tudun Wada
Ranar Lahadi

Maman Naja'atu,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, ga labarin yaƙi.

Daga masallaci na wuce, cikin babbar rigata ta shadda da ta sha bugu. Habila ya zo da 'yar shat, Evans na biye da shi kamar mai rakiyar majinyaci. Mai shagon ya nuna mana abin da ake tattaɓawa, ɗalibai suka kewaye mu suna kiranmu Baba Kyaftin.

Gaskiya littattafai ba su yi ƙarya ba. Wurin tashi jirgina ya yi ta fizgewa hagu kamar jakin da ya hango gida. A sama kuwa duk zagayen da na yi sai in tarar da Habila a ƙeyata. Sai na tuna karatuna, na danna hanci ƙasa. Ya biyo ni, injinsa ya yi tarin nan, na bar shi a baya. Daɗi ya kwashe ni. Na gyara zama zan yi wa ɗalibai bayani, na wurga hannun riga kafaɗa yadda kowane dattijo ke yi kafin ya yi magana. Bakin rigar ya sarƙafe sandar, ya fizgo ta. Jirgina ya yi ta katantanwa har ya kifa cikin wata gona, ba tare da an harba masa ko harsashi ɗaya ba.

Habila ya yi dariya har ya zame daga kujera, yana cewa a rubuta a tarihi, shadda ta kayar da Jamus. Hawaye ya yi ta zubo masa, ban tambaye shi na mene ne ba. A hanya ya tsaya ya ci tsire, har da neman ƙarin yaji.

Jiya ya shaida wa Evans ba ya barin Zariya sai na furta da bakina cewa Spitfire ya fi. Da safen nan yaron ya kama hanyar Abuja shi kaɗai, bayan ya riƙe hannuna ya yi mini sallama.

Ni dai ban furta ba. Ki taya ni addu'a Allah ya ƙara mini taurin kai.

Gaisuwa ga mutanen gidan baki ɗaya.

Naki har kullum,
Zulkiflu