A Faɗa Wa Mutanen Gida Dalilin Lanƙwasa Yatsu

Zuwa ga Shugaban asibitin da aka ɗinka mini hannu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya fama da jama'a?

Ni kafinta ne a Azare. Ɗana nake yi wa shifta, ko zama na kasa yi don murna. Yau da azahar na naɗe yatsun damana a tahiya, na ɗaga manuniya! Wallahi sai da na yi hawaye.

Amma ina da ƙorafi, kuma da zafinsa.

Na ɗaya. Da kwanon rufi ya tsinka mini jijiyoyin yatsu uku, likitocinku sun ɗinke su, aiki ya yi kyau. Aka ɗaure hannun a kan filasta, yatsun a lanƙwashe, aka sallame ni. Ko mutum ɗaya bai ce mini ga dalili ba. A garin nan kowa ya san ɗori a miƙe ake yin sa, da kara. Hajiyarmu na ganin hannun ta ɗau salati, wai sun ƙandarar mata da ɗa. Nan take ta aika a kira mai ɗori ya miƙar. Allah Ya sa ya tafi biki Gololo! Sai da na koma a duba ni wata nas ta ce da an miƙar, da ɗinkin ya tsinke.

Na biyu. Malam Buba, makiyayi daga Udubo, gadonsa na kusa da nawa, ciwonmu iri ɗaya. Shi nasu mai ɗorin yana gida, ya kuwa miƙar masa. Na gan shi a layin ganin likita, yatsun a miƙe sambal, ba sa motsi. Ko tatsa ba ya iya yi, ranka ya daɗe.

Roƙona, kafin a sallami mutum a kira babban gidansu a yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci. A gayyato masu ɗori su ma su ji. Sannan, don Allah, a sake duba hannun Malam Buba tun da sauran dama. Ban fi shi wayo ba. Bikin Gololo ne kawai tsakanina da shi.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya saka wa likitocinka da alheri.

Wassalam,
Sabo Kafinta, Azare