Yatsan Baba a Takardar Inshora

Daren Laraba, kakar auduga

Yafe wa direba shi ne yafe wa kamfanin inshora? Tun da motar auduga ta buge Baba a hanyar Malumfashi ƙafarsa ke hannun maɗori, kuma da ya ji ƙarar mota sai jikinsa ya hau ɓari. Yau ina gona akawun kamfanin inshorar ya zo dubiya, har da goro da wata takarda. Wai ya ce wa Baba:

"Malam, ai ka yafe ko?"

Baba ya ce ƙaddara ce, ya dangwala yatsa. Da na dawo, da ɗan Turancina na karanta takardar: wai ba ma neman diyyar ƙafa, balle ta firgita.

Kawu Sule ne ya rako akawun, da sabuwar hula! Wallahi ran Juma'a, a ƙofar masallaci, sai ya faɗa wa jama'a wanda ya saya masa ita.