Ɗakin Ɗinkin Hular da Ka Sa wa Kwaɗo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Asibiti,
Azare.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da kama aiki, ya iyali, ya fama da jama'a? Mun ga sabon fenti, mun ga famfon da ya shekara bai ɗiga ba yau yana zuba. Allah ya saka da alheri. Ban ambaci sunan asibitin ba, ban kuma sa nawa ba, amma ka san kanka. Sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce mini kana mitin, shi ya sa na rubuto a fili. Masu koyon ɗinkin hula a garin nan ba sa ƙirguwa, kowace unguwa da ajinta, don haka ba wadda za a nuna da yatsa.

Na farko, ga mai ƙorafin. Ni malamar firamare ce, 'ya'yana biyar, har da jika. Ina budurwa wani mutum da gidanmu suka yarda da shi ya yi mini fyaɗe. Ban gaya wa kowa ba, har mahaifiyata ta rasu ba ta sani ba. Shekara ashirin da 'yan kai ina ɗauke da abin. Ba na iya zama in juya wa ƙofa baya, kuma akwai wani turare da in ya buge ni a kasuwa sai in nemi wuri in zauna. Aka ce iska ce, na sha hayaƙi har zannuwana suka riƙe wari. Aka ce hawan jini ne, na haɗiyi ƙwayoyi. Wata nas mai hankali ce ta dube ni ta tura ni ɗakin baya, wajen Malama mai ba da shawara.

Na biyu, abin da ka gani da ka leƙa ɗakin. Ka ga mata bakwai da zare a hannu suna ƙyalƙyala dariya, ka ce asibiti ba kasuwa ba ne, washegari aka sa kwaɗo. Ranka ya daɗe, da ka ɗaga hula ɗaya ka duba, da ka san babu ciniki a wurin. Tawa ta farko, ko kyauta na bayar sai an yi mini alfarma za a karɓa.

Malama 'yar asalin Barno ce. Ɗinki a hannun kakarta ta koya, aikin ba da shawara kuwa a makaranta. Ita ta gane cewa mace irina ba za ta zauna a kujera, ta kalli idon mutum, ta faɗi wannan magana ba. Amma in kai yana sunkuye, hannu yana jan zare, sai baki ya buɗe da kansa. Kuma ka san garinmu: ka shiga ɗaki mai allo a ƙofa, kafin ka kai gida labari ya riga ka. Mai hula a jaka kuwa ba mai tambayar ta ina za ta.

Wata huɗu na yi ina ɗinki ban ce uffan ba, Malama ba ta taɓa matsa mini ba. Ranar da na faɗa, ta bari na kai ƙarshe, sannan ta ce, "Ba laifinki ba ne, ko kaɗan." Wallahi ban taɓa jin wannan daga bakin mutum ba. Na yi kuka har na gaji, da na fito kuma sai yunwa ta kama ni, na sayi awara na cinye a tsaye a bakin titi kamar 'yan ajina. Daga baya Malama ta shirya ni na gaya wa maigidana. Da na gama, sai ya ce, "Duk shekarun nan ke kaɗai?" Yanzu karkatacciyar hular nan tawa ita yake sawa masallacin Juma'a, abokansa na tsokanar sa, shi ko a jikinsa. Ban ce na manta ba. Amma ina barci, ina dariya, ina shiga layin masu turare in fito da ƙafata.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni yin shiru. Akwai wata a cikinmu, bari in kira ta Hajara, ko da yake ba sunanta ba ne. Daga wajen Katagum take hawo mota duk mako, ta ce wa surukarta za ta koyon ɗinki, kuma gaskiya ta faɗa. Wata uku ba mu san kalar muryarta ba sai a gaisuwa. A zamanmu na ƙarshe ta fara faɗin nata. Ta kai tsakiya, sai ta ce, "Malama, sati mai zuwa zan ƙarasa." Satin ya zo, na same ta tsaye gaban kwaɗon da hularta a leda. Yau mako uku ke nan. Surukarta ta ce tunda an tashi ajin, ta zauna gida. Na san yadda ake haɗiye wannan magana, na kuma san shekara nawa take yi kafin ta sake tasowa. Tsoro nake ji mata.

Roƙona kaɗan ne. A cire kwaɗon, a bar mu da zarenmu. Kada a rubuta komai a ƙofar, komai kyawun niyya. Ka kira Malama ka saurare ta, ko na tsawon shan shayi ne. Ba na zargin ka da mugunta, ba a yi maka bayani ba ne, yanzu kuma an yi.

Allah ya taya ka riƙo, ya kare maka 'ya'yanka mata da maza, ya sa ka gama lafiya. Na gaya wa Hajara ta ce wa surukarta hutu aka tafi, za a dawo. Ranka ya daɗe, kada ka mai da ni maƙaryaciya.

Wassalam.
Taka,
Wata malamar firamare, Azare.